Taruwar Sinadarin Kalsiyum a Sassan Jikin Dabba Masu Laushi: Dalilai da Hanyoyin Kariya

GABATARWA

Kalsiyum shi ne sinadarin da ke ba ƙashi da haƙori da ɓawon ƙwai ƙarfi. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyum da ke jikin dabba yana cikin ƙasusuwa da haƙora ne. Ɗan ragowar yana yawo cikin jini, inda yake taimaka wa bugun zuciya, motsin tsoka da daskarewar jini idan an ji rauni. Amma akwai lokacin da wannan sinadari yake barin inda ya dace da shi, ya taru a sassa masu laushi kamar ƙoda, huhu, hanta, zuciya da jijiyoyin jini, ya daskare kamar alli ko tsakuwa. Mahauta sun san wannan, domin sukan ji wuƙa tana gurzar wani abu kamar yashi yayin da suke yanka hanta ko huhun wata dabba.

Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Dabba takan rame duk da abincin da take ci, rago yakan mutu ana dab da kai shi kasuwa, kaji sukan zube, a mahauta kuma a zubar da kayan ciki. Abu mafi muhimmanci shi ne, da wuya kalsiyum da ya riga ya daskare a jiki ya narke. Don haka manufar wannan darasi ita ce malaman gona da manoma su fahimci dalilan da ke kawo matsalar, su tare ta tun daga gona da wurin haɗa abinci.

YADDA JIKI KE DAIDAITA KALSIYUM

A jinin saniya mai lafiya akwai kalsiyum kimanin miligiram 8 zuwa 11 a cikin kowane mililita 100. Abubuwa uku ne ke tsare wannan ma'auni. Na farko wasu ƙananan halittu ne da ke wuyan dabba, waɗanda ke fitar da wani ruwa mai janyo kalsiyum daga ƙashi idan na jini ya yi ƙasa. Na biyu shi ne bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Hanta da ƙoda su sarrafa shi, sannan ya buɗe wa kalsiyum hanya daga hanji zuwa jini. Na uku ita ce ƙoda, wadda ke fitar da rarar da jiki ba ya bukata.

Kalsiyum yana tafiya ne tare da wani sinadari mai suna fosfaras. Ga shanu, tumaki da awaki, abin da ake so a abinci shi ne kashi biyu na kalsiyum ga kashi ɗaya na fosfaras. Idan ɗayansu ko duka biyun suka yi yawa a jini, sai su haɗu su zama gishiri marar narkewa, su kwanta a nama.

IRE-IREN TARUWAR

Masana sun kasa matsalar gida uku:

1. Taruwa a naman da cuta ta riga ta lalata. A nan jinin dabba lafiya lau yake, amma wurin da tsutsa ko ƙwayar cuta ta kashe shi ne ke jawo kalsiyum.
2. Taruwa saboda yawan kalsiyum ko fosfaras a jini. A nan naman lafiyayye ne, jinin ne ya yi nauyi.
3. Tsakuwa a hanyoyin fitsari, wato ƙoda, mafitsara da bututun fitsari.

Bambance waɗannan yana da amfani, domin maganin na farko yana ga yaƙi da cuta, na biyu da na uku kuwa yana ga gyaran abinci.

KASHI NA ƊAYA: TARUWA A NAMAN DA CUTA TA LALATA

Tsutsar hanta. Wannan tsutsa mai faɗi kamar ganye, wadda masana ke kira Fasciola gigantica, tana da yawa a ƙasarmu. Tana yin wani ɓangare na rayuwarta a jikin ƙaramar katantanwar ruwa da ke fadamu, bakin madatsun ruwa da magudanan noman rani. 'Ya'yanta sukan fito su manne wa ciyawa, dabba ta ci. Idan tsutsar ta daɗe a hanyoyin matsarmama na saniya, sai bangon hanyoyin ya yi kauri, kalsiyum ya kwanta a kansa har ya zama kamar bututu mai tauri. Saniyar takan rame, idonta ya yi fari, wani lokaci ruwa ya taru ƙarƙashin haɓarta.

Tarin fuka na shanu. Ƙwayar wannan cuta tana yin ƙuraje a huhu da kaluluwar ƙirji. Cikin ƙurjin yakan mutu ya zama kamar cuku, daga baya ya daskare. Wannan cuta tana kama mutum ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba da kuma zama kusa da dabba mai tari. Likitan dabbobi yana gane ta ne da allurar gwaji a fata, wadda ake duba sakamakonta bayan sa'o'i 72.

Ƙwayayen tsutsa a nama. Doguwar tsutsar cikin ɗan Adam mai gaɓa-gaɓa tana zuba ƙwai ta bayan gida. Idan saniya ta ci ciyawar da ta gurɓata, sai 'ya'yan tsutsar su zauna a zuciya, harshe da naman muƙamuƙi kamar ƙwayar shinkafa mai ruwa. Bayan watanni wasunsu sukan mutu su zama farar tsakuwa. Ganin matattun alama ce ta cewa akwai yiwuwar rayayyu a wani sashe na naman.

Ƙullutun hanji. A tumaki da awaki, wata tsutsar ciki tana shiga bangon hanji, jiki ya kewaye ta da ƙullutu masu girman wake, waɗanda ke daskarewa daga baya. Irin wannan hanji ba ya tsotse abinci yadda ya kamata.

Ciwon farar tsoka. Wannan ba tsutsa ke kawo shi ba, ƙarancin sinadarin seleniyum da bitamin E ne. Ya fi kama 'yan raguna, 'yan awaki da maruƙa. Tsokar cinya da ta zuciya sukan lalace, a ga fararen zane kamar an goga alli. Ɗan dabbar yakan kasa tsayawa ko tsotson nono, ko ya faɗi ya mutu bayan ɗan gudu. Tushen matsalar yana ƙasa: ƙasa mai tsami wadda ruwan sama mai yawa ya wanke takan ba da ciyawa mai ƙarancin seleniyum. A lura, abin da dabba ke bukata bai wuce miligiram 0.1 zuwa 0.3 a kowane kilo na busasshen abinci ba, kuma yawansa guba ne. Kada a ba da shi sai da umarnin likita.

KASHI NA BIYU: YAWAN KALSIYUM KO FOSFARAS A JINI

Tsire-tsire masu daskarar da jijiya. Akwai wasu tsire-tsire da ganyensu ke ɗauke da bitamin D wanda yake a sarrafe, wato irin wanda ƙoda ke fitarwa a ƙarshen aikinta. Idan dabba ta ci, jiki ba ya iya taka masa birki, sai hanji ya yi ta kwasar kalsiyum da fosfaras fiye da kima. A shekarun 1970 ne masu bincike suka gano wannan sinadari a ganyen. Sanannu daga cikin tsire-tsiren su ne:

1. Solanum glaucophyllum, wanda ke fitowa a wurare masu dausayi na Ajantina, Barazil, Uruguwai da Faraguwai. Ya daɗe yana jawo wa masu kiwon shanu asara a ƙasa mai kwari ta lardin Buenos Aires da kuma dausayin Pantanal. Dangin gauta ne, amma ba dukkan danginsa ke da wannan illa ba.
2. Cestrum diurnum, wani ɗan itace da ake shukawa don ado, wanda ya cutar da dawaki da shanu a jihar Fulorida ta Amurka.
3. Trisetum flavescens, wata ciyawar kiwo ta yankin tsaunukan Alps a Ostiriya, Jamus da Suwizalan.
4. Nierembergia veitchii, wadda ke cutar da tumaki a kudancin Barazil.

Dabbar da ta kamu takan rame a hankali, bayanta ya lanƙwashe, ta riƙa tafiya a sandare kamar tana taka ƙaya, ta yi haki da ɗan kora kaɗan. Idan aka feɗe ta, sai a tarar da babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta yi tauri da farin ɓawo, huhu kuma ya ƙi saɓa. Waɗannan cututtuka na waɗancan ƙasashe ne, amma akwai darasi a gare mu: kada a shigo da irin ciyawar kiwo ko itacen ado daga waje ba tare da izinin hukumar da ke binciken tsirrai da dabbobi a kan iyaka ba, kuma kada a zuba wa dabbobi ganyen furannin ado da aka sassabe daga shinge.

Yawan allurar bitamin. A nan ne matsalar ta fi kusa da mu. Ana sayar da alluran bitamin A, D da E a kasuwanni, kuma wasu masu kiwo suna maimaita su kowane mako da zaton za su sa ƙiba. Bitamin D ba ya fita ta fitsari kamar wasu bitamin. Yana taruwa ne a kitse, ya ci gaba da aiki har tsawon makonni. Yawansa yana kawo irin illar da tsire-tsiren can ke kawowa. Dabbar da ke kiwo a rana a ƙasa irin tamu ba kasafai take rasa bitamin D ba. Haka kuma, kuskure wajen auna garin bitamin a abincin kaji, ko rashin gauraya shi da kyau, yakan sa wasu kaji su ci ninkin abin da ya dace.

Maganin ɓera. Wasu magungunan ɓera an yi su ne da bitamin D mai ƙarfi. Kare ko wata dabbar gida da ta ci irin wannan takan yi ƙishirwa da yawan fitsari, ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. A ajiye maganin ɓera nesa da rumbu da wurin cin abincin dabbobi.

Ciwon ƙoda. Ƙodar da ta daɗe da lalacewa ba ta iya fitar da fosfaras, sai ya taru a jini ya janyo kalsiyum zuwa bangon tumbi, huhu da jijiyoyi. Wasu magungunan ƙwayoyin cuta, kamar jentamaisin da dangin salfa, suna wahalar da ƙoda idan an wuce ƙa'ida, musamman ga dabbar da ba ta samun isasshen ruwa.

KASHI NA UKU: TSAKUWA A HANYAR FITSARI

Ragunan kiwon turke. Wannan ita ce asarar da masu kiwon ragunan layya suka fi gamuwa da ita. Dalilinta shi ne yawan dusa da tsaba. Dusar alkama tana da fosfaras fiye da kashi 1 cikin 100, kalsiyum ɗinta kuwa kimanin kashi 0.1 ne kawai. Tsabar masara da dawa ma haka suke, fosfaras ya rinjayi kalsiyum nesa ba kusa ba. Rarar fosfaras tana fita ta fitsari, ta haɗu da magniziyum ko kalsiyum ta zama yashi. Bututun fitsarin rago dogo ne, yana da lanƙwasa, kuma ƙarshensa siriri ne kamar zare, don haka ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta toshe shi. Dabbar da aka fiɗiye tun tana ƙarama ta fi shiga haɗari, domin bututunta ba ya faɗi sosai.

Alamomin su ne: rago ya daina cin abinci, ya riƙa yunƙuri kamar mai ciwon ciki, yana kaɗa wutsiya, yana cizon haƙora, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan ko ya tsaya gaba ɗaya, wani lokaci a ga farin yashi a gashin gabansa. Idan ba a yi komai ba, mafitsara ko bututun kan fashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A wannan lokacin ragon yakan yi kamar ya samu sauƙi, alhali fitsari ne ke taruwa a cikinsa. Da an ga alamar farko a kira likitan dabbobi. Kada a yi masa ɗure da ruwa ko jiƙo, domin ƙara cika mafitsarar da ta toshe ne.

Ga misalin lissafi da malamin gona zai iya nuna wa manomi. Alkaluman ƙiyasi ne, domin abinci yakan bambanta daga wuri zuwa wuri:

1. Rago mai cin dusar alkama giram 500 a rana yana samun fosfaras kimanin giram 5.5, kalsiyum kuwa giram 0.6.
2. Idan aka haɗa masa da kilo ɗaya na karan dawa, zai ƙara kalsiyum kimanin giram 3 da fosfaras giram 1. Jimla: kalsiyum 3.6, fosfaras 6.5. Ma'aunin ya juye ke nan, wannan rago yana cikin haɗari.
3. Idan kuwa kilo ɗaya na harawar gyaɗa aka ba shi, zai ƙara kalsiyum kimanin giram 10 da fosfaras giram 2. Jimla: kalsiyum 10.6, fosfaras 7.5. An kusa daidai.
4. Don a kai kashi biyu ga ɗaya ana bukatar kalsiyum giram 15, wato saura giram 4.4. Garin dutsen laimiston, wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, yana da kalsiyum kimanin kashi 37 cikin 100. Giram 12 na wannan gari, wato kusan cokalin shayi biyu a shafe, zai cike giɓin.

Wannan lissafi ya nuna cewa harawa ba cikon tumbi ba ce kawai, ita ce mai daidaita dusa. Sai dai a kiyaye, zuba kalsiyum barkatai shi ma yana kawo wata irin tsakuwar. Haka kuma garin ƙashi ba ya gyara wannan ma'auni sosai, domin shi kansa yana da fosfaras mai yawa. Ita kuwa kanwa tana ƙara wa fitsari kaifin toka, yanayin da wannan yashi ke so, don haka a taƙaita ta ga ragon da ke cin dusa da yawa.

Kaji. Kazar da ke ƙwai tana bukatar kalsiyum kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin 100 na abincinta, domin ɓawon kowane ƙwai yana cin kimanin giram 2. Ɗan tsako da budurwar kaza kuwa kimanin kashi 1 kawai suke bukata. Idan aka ba 'yan tsaki abincin masu ƙwai, ko don araha ko don shi ne a hannu, ƙodarsu takan lalace, tsakuwa ta toshe hanyoyinta. Sai dattin da ya kamata ya fita tare da kashi ya koma jini, ya kwanta a kan zuciya da hanta kamar an barbaɗa farin gari. Wannan farin gari ba kalsiyum zalla ba ne, gishirin dattin fitsari ne, amma yawan kalsiyum na cikin manyan dalilansa. Ƙishirwa da ruɓaɓɓiyar masara suna ƙara tsananta shi. Illar takan ɓuya har sai kajin sun fara ƙwai, sannan a ga suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ciyawa mai kama kalsiyum. Wasu ciyayin kiwo, musamman irin Setaria da ake shukawa, suna da wani sinadari mai suna okzalet, wanda ke yawaita a ɗanyen toho da aka zuba wa takin zamani mai yawa. Idan dabba mai yunwa da ba ta saba ba ta cika cikinta da shi, yakan haɗu da kalsiyum ya zama ƙananan ƙwayoyi masu kaifi a ƙoda. A saba wa dabbobi da sabuwar makiyaya sannu a hankali, bayan sun ci busasshiyar ciyawa.

HANYOYIN KARIYA

1. A noma wake, gyaɗa, lablab ko sitailo don dabbobi, a adana harawa a inuwa ko kan rumfa yadda ganyen ba zai zube ba, domin kalsiyum ya fi yawa a ganye.
2. Kada dusa da tsaba su wuce rabin abincin ragon turke, kuma a ƙara su a hankali cikin mako biyu zuwa uku.
3. A ajiye ruwa mai tsabta gaban dabba dare da rana. A lokacin hunturu, da dabbobi ke rage sha, a ba su gishiri don ya tayar da ƙishirwa.
4. Inda aka saba samun toshewar fitsari, likita zai iya ba da shawarar gauraya gishirin amoniyum kuloraid, kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 na abinci.
5. A ba kowane rukunin kaji abincinsa. Kada a koma abincin masu ƙwai sai kajin sun kusa fara ƙwai, wajen mako na 16 zuwa 18.
6. Kada a yi allurar bitamin ko seleniyum ba tare da sanin nauyin dabba da umarnin likita ba. A rubuta ranar da aka yi kowace allura.
7. A ba da maganin tsutsar hanta a farkon rani da kuma ƙarshensa ga dabbobin da ke kiwo a fadama. Ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba, kuma ba a ba dabba mai sabon ciki albendazol.
8. A gina masai a gona da ruga, a daina bayan gida a makiyaya.
9. A tafasa madara, a dafa nama ya nuna har ciki. Hanta ko huhun da aka ga ƙuraje masu tsakuwa a ciki a nuna wa jami'in duba nama, kada a ci, kada a jefa wa kare.

GA MALAMAN GONA

Idan manomi ya kawo ƙarar dabbobi masu ramewa ko mutuwa, a tambaye shi abubuwa huɗu: me suke ci kuma nawa, ina suke kiwo da shan ruwa, wace allura aka yi musu cikin watanni uku da suka wuce, kuma maza ne ko mata suka fi kamuwa. A roƙe shi ya bari likita ya feɗe wadda ta mutu. Wurin da aka samu taurin yana nuna dalili: idan a hanta ne ko hanji, a nemi tsutsa, idan a huhu da kaluluwa ne, a yi zargin tarin fuka, idan a babbar jijiya, zuciya da ƙoda ne gaba ɗaya, a binciki bitamin D da abin da dabbar ke ci, idan a mafitsara ne, a duba yawan dusa. Ziyarar mahauta sau ɗaya a wata za ta nuna wa malamin gona cututtukan da ke yankinsa fiye da dogon zama a ofis.

Ya kamata kuma a sanar da manoma cewa jikin ɗan Adam yana bin wannan ƙa'ida. Masu daɗaɗɗen ciwon ƙoda da masu shan ƙwayoyin bitamin D ko kalsiyum ba bisa umarnin likita ba suna iya samun irin wannan taruwa a jijiyoyi da ƙoda. Maganin dabba kuwa ba na mutum ba ne.

KAMMALAWA

Dabba ba ta rayuwa sai da kalsiyum, amma amfaninsa yana ga ma'auni. Yawancin dalilan da aka bayyana a sama suna hannun mai kiwo: abin da ya shuka, abin da ya zuba a kwami, ruwan da ya ajiye da allurar da ya yi. Tunda abin da ya daskare ba ya komawa, rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona ko ofishin likitan dabbobi mafi kusa.